Alhaji Umaru na Kete-Krachi: marubucin da nake fara ambata idan an tambaye ni wa za a karanta

A ɗakin malamai na makarantarmu, duk ranar da hira ta faɗa kan littattafan Hausa, sunayen da ake jerowa ba sa canzawa. Wani ya ce Abubakar Imam, wani ya ce Tafawa Ɓalewa saboda Shaihu Umar, masu son waƙa su kawo Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu, mata kuma su kawo marubutan Kano na yanzu. Duk na yarda da su, wasu ma na karanta su har takarda ta tsufa a hannuna. Amma idan zagaye ya zo kaina, sunan da nake faɗa yakan sa a yi shiru kaɗan, don yawancinmu ko dai ba mu taɓa jin sa ba, ko kuwa mun san shi a matsayin waliyyi da limami kawai. Shi ne Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda ake kira Alhaji Umaru na Salga ko na Kete-Krachi. A nan ƙasar ya yi fiye da shekara 40, a nan ya yi mafi yawan rubutunsa, a nan kuma ya rasu a 1934.

An haife shi a Kano wajen 1858. Asalin gidansu Kabi ne, shi ya sa a ƙarshen rubuce-rubucensa na Larabci ake ganin ya danganta kansa da Kabi da Kano, daga baya kuma da Salga. Mahaifinsa malami ne kuma bafatake, yana cikin masu bin hanyar Gwanja don sayen goro. A Kano Umaru ya yi karatun allo ya sauke, ya shiga littattafai, sannan ya nufi ƙasashen Sakkwato da Gwandu neman ƙarin ilimi wajen malaman can. Tsakanin karatu da karatu kuma yana bin ayari. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe game da mutumin nan: ɗalibin fiƙihu da nahawu ne, amma ya san yadda ake ɗaure kaya a bayan jaki, ya san madugu da jagaba, ya san abin da ake biya a mashigar kogi kafin a bar ayari ya wuce. Malamai da yawa na zamaninsa sun yi rubutu daga zaure. Shi ya yi tafiyar da ƙafarsa, ya ratsa ƙasashen da ke tsakanin Hausa da Gwanja, kuma abin da ya gani bai ɓace masa ba.

Littafinsa na farko da aka sani ma daga wannan rayuwa ya fito. Yana ɗan wajen shekara 20, a 1877, ya rubuta wani ɗan littafi da Larabci mai suna Al-Sarha al-wariƙa fi ilmil wasiƙa, wato jagora kan yadda ake rubuta wasiƙa. Yadda za a rubuta wa sarki daban, yadda za a rubuta wa malami daban, haka aboki ko abokin ciniki. A zamanin da bafatake zai bar Kano ya yi wata da watanni bai isa Salga ba, wasiƙa ita ce amanar da ke riƙe ciniki da zumunta. Saurayin ya ga abin da jama'a ke bukata, ya zauna ya tsara musu. Daga baya har an buga littafin a Masar. Ni a matsayina na mai koya wa yara rubuta wasiƙa da Turanci duk zangon karatu, abin yakan ba ni dariya da kunya a lokaci guda: muna koyar da tsarin Ingila kamar ba a taɓa yin wannan ilimi a gidanmu ba.

Salgar da ya zo ya zauna a cikinta wajen 1892 ba ita ce Salgar da mahaifinsa ya sani ba. A da ita ce babbar kasuwar goro ta wannan yanki. Goro ya fito daga dajin Tonawa, Hausawa su zo da kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, a yi musaya. Bayi ma ana sayar da su a wannan kasuwa, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Amma tun da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, Salga ta fita daga hannun Asante, su kuma Tonawa suka toshe mata hanyar goro, ciniki ya fara karkata zuwa wasu garuruwa irin su Kintampo da Kete. Sannan a 1892 ɗin nan yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin gidajen sarautar Kpembe, Kabachewura Isifa ya zo da taimakon Dagwamba da Nanumba, aka kori sarkin da ke kan gado, garin ya watse. Wato Malam Umaru ya iso ne daidai lokacin da ake kwance rumfuna. Ya ga mutanen da jiya suke da gidaje da barori yau suna gudu da ƙunshi a kai. Bayan shekaru ya mayar da wannan abin waƙa da Larabci, Tanbihul ikhwan fi zikril ahzan, kuma har yau masu binciken tarihin Gwanja suna komawa gare ta don sanin yadda abin ya faru.

A Salga ne kuma ya haɗu da wani Bajamushe mai suna Gottlob Adolf Krause, wanda mutanen gari ke kira Malam Musa. Shi wannan mutum mai son harsuna ne, ya iya Hausa, yana tattara rubuce-rubucen ajami. Wannan ita ce haɗuwar Malam Umaru ta farko da irin Turawan nan masu tambaya da alƙalami a hannu, kuma ba ita ce ta ƙarshe ba.

Wajen 1896 ya bi sahun sauran mutanen Salga ya koma Kete, zangon Musulmi da ke kusa da Krachi a bakin kogin Volta. A lokacin Jamusawa ne ke riƙe da wurin, a cikin ƙasar da suka kira Togo. Garin na Dente ne, gunkin da sunansa ya kai nesa, Musulmi kuma baƙi ne 'yan kasuwa da suka taru daga wurare dabam dabam. Duk wanda ya tashi a zango ya san irin wannan zama: kuna da yawa a kasuwa, amma ƙasa ba taku ba ce, sarauta ba taku ba ce, kuma a cikinku ma kowa da ƙabilarsa da limamin da yake so. An yi jayayya kan limancin Kete, har sai da jami'in Jamus ya sa baki, limanci ya faɗa hannun Malam Umaru. Ya riƙe shi har ƙarshen ransa, yana koyarwa, ɗalibai suna zuwa daga nesa, waɗanda suka sauke a wajensa suna komawa su zama limamai da malamai a zanguna na Gold Coast da Togo.

To, a nan ne aikin da ya fi burge ni ya fito. Wani jami'in Jamus a Kete-Krachi, Adam Mischlich, wanda da farko ɗan mishan ne, yana son ya koyi Hausa sosai, sai ya zama kamar ɗalibin Liman Umaru. Ƙamus ɗin Hausa da Jamusanci da Mischlich ya buga a 1906 ya ci moriyar wannan zama. Amma abin bai tsaya kan kalmomi ba. Ya roƙi liman ya rubuta masa yadda ƙasar Hausa take, shi kuwa ya zauna ya yi ta zuba rubutu da Hausa cikin ajami, shafi bayan shafi. Tarihin sarakuna da jihadi da labarin Kabi duk suna ciki. Sai dai abin da ya fi daraja a wurina shi ne ƙananan abubuwan da ba wanda ya ɗauka sun isa a rubuta su: yadda ake noma, irin hatsi da itatuwa, aikin marina da masaƙa da maƙera da majema, yadda ake aure da suna, yadda kasuwa ke ci, yadda ayari ke tafiya, matsayin bawa a gida da gona. Malaman zamanin sun saba rubuta yadda ya kamata Musulmi ya rayu. Shi ya ƙara da yadda mutane suke rayuwa a zahiri, har da abin da bai yi kyau ba.

Ku lura da lokacin fa. Wannan zube ne na Hausa, ba waƙa ba, an rubuta shi a farkon shekarun 1900, kusan shekara 30 kafin gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki a Zariya. Mun saba jin cewa rubutun zube na Hausa da boko ya fara. Ga wani limami a bakin Volta yana rubuta dogon bayani da Hausa tsantsa tun kafin a haifi Abubakar Imam. Ba ina rage darajar Imam ba ne, Allah ya sani Magana Jari Ce ita ta koya mini son karatu. Amma idan ana lissafin iyayen rubutun Hausa, wannan dattijo yana da kujera a sahun gaba, kuma mu mutanen zangunan Ghana ya fi kamata mu san haka.

Waƙoƙinsa ma haka suke, idonsu na kan abin da ke faruwa. Wadda na fi so, kuma wadda nake cewa kowa ya fara da ita, ita ce Waƙar talauci da wadata. Da Hausa take, ba ta bukatar sharhin malami. Abin da ya yi a cikinta shi ne ya ɗauki matalauci da mawadaci ya ajiye su gefe da gefe, ya nuna yadda jama'a ke mu'amala da kowannensu, a taro da wajen dangi da wajen mata. Yana yi da ba'a, za ka yi dariya, amma kafin ka kai ƙarshe dariyar ta koma ciki, don ka gane kanka a cikin masu wulaƙanta na farkon da masu fadanci ga na biyun. Abin da ya bambanta ta da waƙoƙin wa'azi da muka saba ji shi ne bai tsaya ga cewa duniya ba komai ba ce, a yi haƙuri. Ya kalli talauci a matsayin ciwo na gaske mai zubar da mutunci. Mutumin da ya ga attajiran Salga sun wayi gari ba su da ko tabarma ya san abin da yake faɗa. Wanda ya taɓa zuwa wajen suna ko ɗaurin aure a Nima ko Aboabo ya ga yadda ake raba kujeru, zai rantse jiya aka rubuta ta.

Sai kuma waƙoƙinsa kan zuwan Turawa, kuma a nan ne ake samun saɓani a kansa. Ya yi guda biyu da Larabci, ɗaya a 1899, ɗaya wajen 1900, sannan ya yi ta Hausa a 1903, shekarar da Kano, garin haihuwarsa, da Sakkwato, inda ya yi karatu, suka faɗa hannun Ingila. A cikinsu ya bi ƙasashe da garuruwa da sarakuna ɗaya bayan ɗaya, waɗanda aka ci da yaƙi da waɗanda suka miƙa wuya, har da Samori da sauran waɗanda suka ja daga. Ya nuna yadda baƙin suka fara shigowa da sunan ciniki da lallami, sai da suka kafu sannan suka fito da ƙarfi. Ba na jin akwai wani marubucin Hausa na wannan lokaci da ya kalli abin da faɗi haka, daga bakin teku har Hausa, kamar mai tsaye a kan tudu yana ƙirga gobara.

Amma kuma shi ɗin ne limamin da jami'in Jamus ya tabbatar. Shi ne malamin Mischlich. Kuma da wasu masu wa'azi suka ɓullo a wannan yanki wajen 1904 zuwa 1905 suna da'awar zuwan Mahadi, suna ta da hankalin garuruwa, Liman Umaru bai bi su ba, waƙa ma ya yi yana sukar ɗaya daga cikinsu, wani mai suna Musa. Saboda haka akwai masu ganin ya yi kusa da masu mulki fiye da kima, bakinsa yana kuka da Nasara, hannunsa yana cikin nasu.

Na daɗe ina juya wannan magana. Abin da na tsaya a kai shi ne, ba adalci ba ne a auna shi da ma'aunin Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ke da ƙasa da runduna da zaɓin yin hijira ko yaƙi. Liman Umaru shugaban baƙi ne a ƙasar da ba tasu ba, 'yan tsiraru tsakanin masu gari da masu bindiga. Da ya kira jihadi a Kete, zangon ne za a ƙone, ba kowa ba. Ya zaɓi ya tsare masallaci da makaranta, ya kuma rubuta gaskiyar abin da ya gani don kada ta ɓace. Ana iya cewa ya yi sassauci, ni ma akwai wuraren da nake jin da ma ya fi haka zafi. Sai dai duk wanda ya taɓa zama cikin kwamitin masallaci ya je neman fili ko izini wajen hukumar da ba ta san Alƙibla ba, ya san irin wannan lissafi. Mu ne ya kamata mu fi kowa fahimtar matsayinsa, don har yau a cikinsa muke.

A 1913 ya tafi aikin hajji. Tafiyar ta ɗauke shi shekaru, a can ne kuma ya karɓi ɗariƙar Tijjaniyya a hannun Alfa Hashim, malamin nan na gidan Shehu Umaru Futi da ke zaune a Madina. Kafin ya dawo wajen 1918 duniya ta juya: an yi yaƙin duniya, an kori Jamusawa daga Togo tun 1914, Kete-Krachi ta koma hannun Ingila. Wato a rayuwa ɗaya ya zauna ƙarƙashin sarakunan Fulani, da sarakunan Gwanja, da Jamus, da Ingila. A wannan shekara ta 1918 kuma annobar mura ta shigo ta tashoshin jiragen ruwa ta bazu har arewa, ta kashe mutane ba adadi. Nan ma bai yi shiru ba, ya yi mata waƙa mai suna Tunkuyau, yana bayyana yadda ciwon ke kama mutum da yadda yake kayar da shi. Lokacin korona, da muke zaune a gida makarantu a rufe, na yi ta tuna cewa wani malaminmu ya riga ya ga irin wannan kwana, kuma ya ga ya dace a rubuta.

Wani aikinsa da ba a cika ambata ba shi ne fassara waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, mawaƙin Larabawa na zamanin jahiliyya, zuwa Hausa. Duk wanda ya ɗanɗana waɗannan waƙoƙi a makarantar ilimi ya san Larabcinsu ƙashi ne, ko Balarabe sai da ƙamus. Liman ya ga Hausa za ta iya ɗaukar su, ya kuwa ɗora mata. R. S. Rattray, jami'in Ingila da ya yi rubuce-rubuce kan Asante, ya buga wani abu daga wannan fassara a 1934. Ina kawo wannan ne saboda yaranmu da ke jin kunyar yin Hausa a gaban abokansu, suna ganin harshen kasuwa ne da tashar mota kawai. Ban da waɗannan akwai waƙoƙin yabo da na godiya ga mutanen da suka karɓe shi a garuruwa, akwai kuma marsiyyar ɗansa Alhaji Labbu, wanda ya riga shi rasuwa, abin da ya taɓa shi ƙwarai a kwanakin tsufa.

Ya rasu a Kete-Krachi a 1934, yana da shekara wajen 76. Allah ya jiƙansa da rahama. Tsohon garin da ya yi limanci a cikinsa ma yanzu babu shi, tafkin Volta ya shanye shi bayan an gina madatsar Akosombo a shekarun 1960, aka mayar da mutane sabon gari.

To, ina mai son karanta shi zai same shi? Nan ne matsalar take, kuma ba zan ɓoye muku ba, neman yana da wuya. Ba za ka shiga kantin littattafai a Kumasi ko Tamale ka ce a ba ka diwanin Alhaji Umaru da boko ba. Abin da ya rubuta wa Krause da Mischlich ya tafi Turai. Wani Ba'amurke, Douglas Ferguson, ya yi digirinsa na uku a 1973 kan bayanin da liman ya yi na ƙasar Hausa, ya mayar da shi Turanci. Wani farfesa ɗan ƙasar Poland, Stanislaw Pilaszewicz, ya shafe shekaru yana aiki a kan waƙoƙinsa da zubensa, har ya buga littafin rubutunsa na ajami a 2000. Mutanen Warsaw sun san shi fiye da mutanen Madina Zongo, abin da ciwo. A gida kuwa, Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon tana da tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami da aka tattara tun shekarun 1960, lokacin da Ivor Wilks da Alhaji Usman Boyo da abokan aikinsu suka riƙa bin gidajen malamai suna aron takardu, su ɗauki hotonsu su mayar wa masu su. Waƙoƙin Alhaji Umaru da dama suna cikin wannan tari.

Wannan kuwa yana nufin asalin takardun, ko kwafinsu na hannu, suna nan a gidaje. Ɗalibansa sun kwafe su, ɗaliban ɗalibansa ma sun kwafe, suna cikin gafaka da akwatunan ƙarfe a ɗakunan kakanninmu, wasu gara na ci. Matsalar ita ce masu iya karanta ajami suna ƙarewa, mu 'yan boko kuma ba mu koya ba, waɗanda suka yi makarantun Larabci na zamani su ma sau da yawa rubutun Magaribi na tsofaffi yana ba su wahala. Ni kaina sai da na koma gaban wani dattijo na durƙusa kamar ɗan allo kafin idona ya saba da shi, kuma har yanzu a hankali nake bi. Wanda ke da tsoho mai irin waɗannan takardu a gida, don Allah ya tambaye shi ko akwai na Malam Umaru Krachi a ciki, ya roƙe shi ya karanta masa da baki, ya ɗauka a waya. Idan an samu zaɓi, a fara da ta talauci da wadata, sannan ta zuwan Nasara ta 1903, tunda su biyun da Hausa suke. Na Larabcin a bar su sai an samu malami a kusa.